Ciwon dajin ya kwanta, amma kamar ba mijina ne ya dawo gida ba

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce, shekaruna 38, 'ya'yanmu biyar. Maigidana ɗan kasuwa ne, yana da shagon atamfa da shadda. Shekara uku da suka wuce ya fara fama da toshewar hanci da haɓo, kunne ɗaya ya toshe, sai ƙulu ya fito masa a wuya. Bayan dogon yawo aka gano ciwon daji ne a bayan hanci. Danginsa sun so a tsaya ga maganin gargajiya, ni na kafe sai asibiti, har sarƙata na sayar. An yi masa gashi sau 35 tare da kemo, wato maganin daji da ake sawa a ƙarin ruwa, a wani asibitin koyarwa mai nisa da mu, kuma alhamdu lillahi likita ya ce ciwon ya kwanta.

To amma Anti, kusan wata takwas ke nan na rasa gane kansa. Mutumin da yake lissafin dila guda da ka, yanzu sai ya ba da canji sau biyu. Ya ba da bashin atamfa turmi goma ya manta wa ya ba. Yakan tambaye ni raka'a nawa ya yi. Ga barci kamar kasa, ga jin sanyi ko a watan zafi. In na yi magana ya yi banza da ni, abu kaɗan ya hau faɗa, a shimfiɗa ma ya juya mini baya. Sau biyu muna zaune ya yi shiru ya ƙura ido yana motsa baki kamar mai taunar goro, daga baya ya ce yana jin ƙaurin wani abu. Makon jiya cikin faɗa ya furta kalmar da ta shafi igiyar aurenmu, da safe ya rantse bai san ya faɗa ba. Hajiyarsa ta ce ni na kai aka ƙona masa ƙwaƙwalwa, wata rana kuma ta ce sammu ne. Ƙaninsa yana so a ba shi mukullin shago. Ni na cuce shi ne, Anti? Ko dai ya gaji da ni ne?

Wata baiwar Allah

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Sannu da jinya, sannu da ɗawainiya. Sau biyu na karanta wasiƙarki, na biyun da biro a hannu ina ja wa wasu wurare layi. Yawancin abin da kika jero kina neman mai laifi a cikinsa, ke ko shi, alamomi ne da likitan da ya yi masa gashi zai gyara zama in ya ji su. Saboda haka ki ɗan ajiye tambayoyinki biyu na ƙarshe, za mu dawo kansu. Akwai abin da ba ya jira.

Shirun nan da ya yi sau biyu, ido a ƙure, baki yana motsi, ga ƙaurin da ba wanda ya ji sai shi, ya fi kama da farfaɗiya. Mu a wajenmu sai mutum ya faɗi yana karkarwa da kumfa muke kiranta farfaɗiya, alhali akwai irin da take tasowa daga ɓangaren ƙwaƙwalwa na gefen kai, saitin kunne, wadda ba ta kayar da mutum. Minti ɗaya ko biyu ne ya tafi ya dawo, sau da yawa bai san an yi ba. A gidaje da yawa iska ake ce mata. Kada ku jira ranar da aka rubuta muku a kati. A cikin makon nan ku koma asibiti, kuma daga yau ya ajiye tuƙin mota da hawa babur har sai likita ya sallame shi. Idan yana shan tiramadol don ciwo, ki faɗa wa likita, domin yana cikin magungunan da suke iya tayar da farfaɗiya. In kuma kika ga baki ya karkace, hannu ko ƙafa ya saki, magana ta harɗe, ciwon kai mai tsanani da amai, barcin da ba a iya tashinsa, ko haɓo mai yawa, wannan na gaggawa ne, ko da tsakar dare ne a nemi mota.

Me ya haɗa gashin hanci da ƙwaƙwalwa? Ki kai harshenki can ƙarshen ganda. Sama da belu, a bayan hanci, akwai wani ɗan lungu, a nan ciwon maigida ya zauna. Rufin lungun shi ne ƙashin da ƙwaƙwalwa take zaune a kansa. Wurin yana da wuyar shiga da wuƙa, shi ya sa gashi ne babban maganinsa a duk duniya. Sunan ne ma yake tsorata mutane: babu wuta a ciki, haske ne irin na ɗaukar hoton ƙashi, sai dai mai ƙarfi ƙwarai, ana auna shi ana raba shi kwana biyar a mako har kusan mako bakwai. Kin tuna fuskar robar nan mai huda-huda da ake dafe masa ita a ɗaure a jikin gado? Don kada kansa ya motsa ne hasken ya kauce. Duk da wannan taka-tsantsan ɗin, maƙwabtan da suka haɗa katanga da wurin sai sun sami rabonsu, kuma ɗaya daga cikinsu shi ne wancan ɓangaren ƙwaƙwalwa na saitin kunne, wanda yake riƙe da ajiye sabon abu a ka, da sunaye, da wani sashe na fushi da tsoro.

Abin da yake rikita iyali shi ne jinkirin. An gama gashi, mutum ya murmure, ya koma kasuwa, sai bayan shekara ɗaya ko biyu ko fiye abu ya ɓullo, wa zai haɗa su? Hasken yana taɓa ƙananan jijiyoyin jini ne, su yi ta ƙanƙancewa a hankali, wurin ya kumbura, a wasu mutanen wani ɗan yanki ya mutu. Likitocin Hong Kong, inda wannan ciwon dajin ya yi yawa, tun shekarun 1980 suke bayyana wannan matsala. Da sababbin injinan da suke lanƙwasa hasken daidai siffar ciwon, 'yan kaɗan ne cikin ɗari suke samunta. Da tsofaffin injina ta fi haka yawa. Shi ya sa likita zai so ya san wane irin inji aka yi masa da shi.

Kada ki tsaya a nan zuciyarki ta tsinke, domin ban yi zaton ƙwaƙwalwa ce kaɗai take magana a wasiƙarki ba. Barcin nan da jin sanyi a watan zafi sun sa na ja layi biyu. A gaban wuya, ƙasan maƙogwaro, akwai wata tsoka mai siffar malam-buɗe-littafi da ake kira tayirod, ita ce take kumbura a ce maƙoƙo. Ita take saita saurin aikin jiki. Gashin wuya yana raunana ta a wajen kusan mutum ɗaya cikin uku, kuma in ta yi sanyi komai sai ya yi sanyi: barci, kasala, mantuwa, bushewar ciki, nauyin tunani, rashin walwala. Maganinta ƙwaya ɗaya ce kullum da safe kafin karin kumallo, mai suna levothyroxine, kuma cikin makonni ake fara ganin mutum yana dawowa. Ƙa'idar likitocin daji ita ce a riƙa gwada ta duk wata 6 zuwa 12 ga wanda aka gasa wa wuya. Yaushe rabon da a yi wa maigida?

Akwai kuma wata 'yar ƙwaya a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, ba ta wuce girman wake ba, ana ce mata fituwitari. Ita take ba tayirod umarni, ita kuma take ba da umarnin sinadarin kuzarin jiki da na mazakuta. Tana daf da wurin da aka gasa. In ta raunana, namiji yana rasa sha'awa da ƙarfi ba tare da zuciyarsa ta sauya a kan iyalinsa ba, kuma kin san mazanmu, ya gwammace ya juya baya ya yi kamar barci da ya buɗe baki ya faɗi wannan. Ki roƙi likita, in za a yi gwajin jinin tayirod, a haɗa wanda ake kira TSH da wanda ake kira free T4, domin in matsalar daga fituwitari take, TSH shi kaɗai yana iya fitowa kamar lafiya lau. A auna kotisol na safe, wato sinadarin kuzarin nan, da testosteron, wato na mazakuta, da yawan jini, da suga, da gishirin jini, da ƙoda. Kotisol ɗin yana da muhimmanci a san matsayinsa kafin a fara ƙwayar tayirod, saboda haka kada wani ya ce ku saya a kemis ku gwada.

Sai banzan da kika ce yana yi da ke. Gwada wannan yau da daddare: ki yi masa magana daga bayansa da muryarki ta kullum, an jima ki zo gabansa yana kallon bakinki ki maimaita. Kunnen ciki yana kan hanyar hasken, ruwa kuma yakan taru a bayan dodon kunne, sannan kemo ɗin da aka fi haɗawa da wannan gashin, cisplatin, sananne ne wajen rage ji. Wanda bai ji magana sosai ba ai ba zai riƙe ta ba, sai a ce ya manta ko ya yi girman kai. A kasuwa ma cikin hayaniya, talatin da tamanin ba su da nisa a kunnen da ya yi nauyi. Gwajin ji a sashen kunne, hanci da maƙogwaro ba ya ɗaukar lokaci, kuma na'urar ƙara ji ta gyara zaman gidaje da dama.

Manyan jijiyoyin wuya masu kai jini ƙwaƙwalwa su ma gashi yana sa su tsuke da tafiyar shekaru, abin da yake ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Ana duba su da sikanin irin na masu ciki, a ɗora a wuya. A kula da hawan jini da suga, taba kuma ya nisance ta, ko da hayaƙinta ne. Tun da mun zo nan, bari in ɗan ratse: wuyan da aka gasa ba a yi masa ƙaho, ba a yi masa tsaga, ba a murza shi da ƙarfi, kuma ba a cire masa haƙori sai likitan haƙori ya san an yi gashi, domin ƙashin muƙamuƙin yana wuyar warkewa.

Ga yadda za ki shirya tafiyar. Ki nemo takardar sallamar gashi, za ki ga lamba kamar 70 da harufan Gy a gefenta, da duk faifan hotunan da aka taɓa ɗauka. Ki sayi ɗan littafi ki rubuta abin da ya faru da rana da lokaci, a taƙaice: ranar kaza ya ba da canji sau biyu, ranar kaza ya yi shiru kamar minti biyu. In shirun ya sake zuwa ki ɗauka da waya, ya fi dogon bayani. Ki zuba duk abin da yake sha a leda ɗaya, har na gargajiya da na Islamik kemis. Kuma ki shiga ɗakin likita tare da shi, domin in aka bar shi shi kaɗai aka ce yaya jiki, alhamdu lillahi zai ce ya fito. Saboda shirun nan, mai yiwuwa ne a nemi hoton MRI na kai tare da allurar da take fito da wurin, da gwajin wayoyin ka na EEG, a kuma haɗa ku da likitan jijiyoyi da ƙwaƙwalwa. Na san kuɗi ne, ga shi an riga an sha jiki. In hali bai kai ba ki faɗa wa likita ƙarara ya jera muku wanda za a fara da shi. Hoton CT ya fi sauƙi ko da yake bai kai MRI gani ba, kuma asibitocin koyarwa suna da ofishin jin daɗin marasa lafiya, ki tambaya. Hoton yana da wani amfanin da ba zan ɓoye miki ba: shi zai taimaka a gane ko ciwon ya dawo ko bai dawo ba.

In hoton ya nuna gashin ya taɓa ƙwaƙwalwa, abin da ya mutu ba ya dawowa, amma yawancin wahalar daga kumburin da ke kewaye take, shi kuma yana jin magani. Ana ba da dexamethasone ko danginsa na ɗan lokaci, akwai allurar bevacizumab da ake sa wa a ruwa mai rage kumburin sosai sai dai tana da tsada, wani lokaci a yi aiki, wani kuma a sa ido kawai domin wurin yakan tsaya da kansa. Farfaɗiyar tana da ƙwayoyinta. Dexamethasone ɗin nan yana tayar da suga, yana hana barci, yana ƙara zafin rai, don haka ba maganin sha-ka-gani ba ne.

Yanzu tambayarki. Ba ki cuce shi ba. Wannan ciwon in aka bar shi, ƙashin nan na ƙarƙashin ƙwaƙwalwa yake ci ya shiga jijiyoyin ido da fuska, ƙarshensa kuwa sananne ne. Sarƙarki ce sanadin da yau akwai wanda ake faɗa a kan mukullin shagonsa yana raye. Ko ya gaji da ke? Zuciyarsa shi da Allah suka sani, amma ki duba ta inda yake tsaye. Mutumin da ake kawo wa lissafi daga shagunan maƙwabta, yau yaron shagonsa yana gyara masa canji a gaban mai saye. Ya fi kowa sanin wani abu yana zame masa, kuma tsoron namiji da faɗa yake fita, a kan wanda ya fi amincewa ba zai gudu ba. Ciwon damuwa ma yana yawan kama waɗanda suka yi jinyar dajin kai da wuya, ga bushewar baki, ga abinci ba ɗanɗano, ga murya ta sauya. A faɗa wa likita wannan ma, yana da magani. Sai dai uzuri yana da iyaka: in faɗan ya kai ga ɗaga hannu a kanki ko yara, ki kauce daga wurin ki kira babbansa ko waliyyinki a ranar.

Maganar igiya kada ki binne ta, kada kuma ki yanke wa kanki hukunci. Ke da shi da waliyyinki ku je wurin malami masanin fiƙihu ko alƙali, ba tare da jinkiri ba. Ki faɗi lafazin yadda ya fito, da halin da yake ciki kafin da bayan, da batun shirun nan da bayanin asibiti. Fushi daban, gushewar hankali daban, malamin ne zai tantance wanne ne. Kafin nan kada maganar ta zaga dangi. Raka'o'in kuwa, jam'i zai ɗauke masa rabin nauyin tun da liman ne mai ƙirga, kuma akwai sauƙin da shari'a ta yi wa mai yawan kokwanto, ya tambaya a zama ɗaya.

Hajiya uwa ce da ta ga ɗanta ya tsallake rami ya dawo wani iri, tana neman inda za ta ɗora zafin, ke ce kusa. Maganarta ta yi ciwo, na sani, kuma ba daidai ba ce. Amma musu da ita ba zai kai ki ko'ina ba, daga bakinki ba za ta karɓa ba. Ku tafi da ita asibiti, ko da wanda take jin maganarsa, likita ya yi bayani da Hausa tana ji. Addu'a da ruƙiyya ki ce mata bismillah, ki ma nemi ta jagoranta. Abin da za ki tsaya a kai cikin ladabi shi ne jiƙe-jiƙen da ba a san haɗinsu ba, saboda ƙodar da ta sha kemo, da hayaƙi da shaƙe-shaƙe a hancin da ya riga ya bushe, da kuma duk wanda zai ce a ajiye maganin asibiti.

Ƙanin nasa yana da gaskiya ta fuska ɗaya, turmi goma ba wasa ba ne, kuma jarin nan abincin 'ya'yanki ne. Ban san niyyarsa ba, ke ma kada ki yi masa zato. Amma miƙa mukulli gaba ɗaya zai karya maigida fiye da ciwon, sannan abin da aka miƙa da baki yana wuyar karɓowa. A zauna da maigida kansa, da safe lokacin da kansa ya fi washewa, da dattijo ɗaya ko biyu. A ƙirga kaya a rubuta. Ƙanin ya riƙe aljihun kuɗi da littafin bashi na wata uku a kan lada sananne, a riƙa duba lissafi duk Juma'a, maigida kuma ya ci gaba da zama a kujerarsa yana tarbar abokan cinikinsa yana zaɓen kaya, domin idon da ya san shadda mai kyau bai tafi ko'ina ba. Bashi kada ya fita sai an rubuta, a rage yawan abin da za a iya turawa daga wayarsa a rana. In wani ya ce rubutu tsakanin 'yan'uwa rashin yarda ne, a tuna masa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka. In ba ku natsu da ƙanin ba, amintaccen yaron shago ko babban ɗanku yana iya riƙe wannan matsayi da sharuɗɗan nan.

A gida, magana ɗaya a lokaci ɗaya, kina gabansa, rediyo a kashe. Hula da mukulli da waya su sami wuri guda. Ki daina ce masa ai na faɗa maka. Ki sake faɗa kawai, ko ki tura masa saƙon murya ya saurara in ya buƙata. Ya riƙa taka ƙafa bayan la'asar ko da zuwa bakin titi ne tare da ɗaya daga cikin yaran. Manyan yaran ki gaya musu Baba ba shi da lafiya ne, ana nema masa magani, kada su ɗauka ya tsane su. Ke kuma shekara uku kina ɗauke da gidan nan a ka. Ki samo 'yar'uwa da za ta riƙa karɓar ki yini guda a mako, ki je gidanku ki yi barci.

Gobe da safe ki fara da neman takardar gashin da kiran asibitin. In sakamakon jini da na kunne da hoton sun fito, ki sake rubuto mini in ji abin da likita ya ce. Allah Ya ba maigida lafiya, Ya daidaita tsakaninku.